Aftama: zaren da ke hana ƙwayar ciwon daji mannewa a jijiyar jini

Jama'a, barkanmu da war haka. Yawancin waɗanda ciwon daji ke kashewa suna rasuwa ne bayan cutar ta yaɗu zuwa hanta, huhu, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. To yaya take isa can?

Ƙwayar kansa, wato ciwon daji, kan ɓalle daga ƙullun farko ta faɗa cikin jini. Jini kuwa gudu yake, ba ya tsayawa, don haka kafin ta fita ta kafa sabon gida dole ta samu abin riƙewa. A bangon jijiya, musamman inda akwai kumburi, akwai wani furotin mai suna E-selektin. Asalin aikinsa kama fararen ƙwayoyin jini ne domin su isa wurin rauni. Ƙwayar kansa na ɗauke da wasu sinadaran sukari a bayanta da ke maƙale masa kamar yadda ƙarangiya ke kama riga. Sai ta rage gudu, tana mirginawa, ta tsaya, sannan ta kutsa ta bangon.

Nan aftama ke shigowa. Gajeren zare ne na DNA ko RNA (sinadaran da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta) da ke naɗe kansa ya ɗauki siffar da za ta dace da furotin guda. A 1990 Craig Tuerk da Larry Gold a Amurka, da kuma Andrew Ellington da Jack Szostak, suka nuna yadda ake tace shi daga cikin tiriliyoyin zaruruwa, zagaye bayan zagaye, har a samu mafi riƙo. Idan irin wannan zaren ya riga zama a kan E-selektin, ƙwayar ta rasa madafa. Masu bincike a Amurka sun gwada haka a ɓeraye masu kansar nono, yaɗuwar kuma ta ragu. Wannan dabara tana burge ni matuƙa, domin ba guba ake zuba wa jiki ba, hanya kawai ake tarewa.

Sai dai jini na da sinadaran da ke yanyanka zaren, ƙoda kuma na saurin tace shi ta fitar a fitsari. Shi ya sa ake sauya masa gini, ake kuma ɗaura masa wani sinadari mai nauyi, PEG, don ya daɗe a jiki. Macugen, maganin aftama na farko, ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2004, amma na ciwon ido ne. Na ciwon daji suna matakin gwaji har yanzu, ciki har da NOX-A12 da aka jarraba a Jamus kan masu kansar ƙwaƙwalwa.