Bismarck: Kwana Tara a Teku

Ku dubi jirgin ruwan yaƙin nan da kyau. Tsawonsa mita 251, idan an yi masa lodi nauyinsa ya haura tan 50,000, ga manyan igwa takwas masu faɗin baki santimita 38. Bismarck ke nan, wanda Jamus ta ƙera a Hamburg. Sau ɗaya tak ya fita yaƙi, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A ranar 19 ga Mayun 1941 ya baro tashar jiragen ruwa ta Gotenhafen tare da wani jirgin yaƙin Jamus, Prinz Eugen, ƙarƙashin Admiral Günther Lütjens. Aikin da aka ba su shi ne su sulale cikin Tekun Atlantika su yi ta nutsar da jiragen kayan da ke ciyar da Birtaniya. Sun yada zango kusa da Bergen a Norway, Prinz Eugen ya sha mai, Bismarck bai sha ba. Ku riƙe wannan.

Da asubahin 24 ga Mayu, tsakanin Iceland da Greenland, suka yi kiciɓis da Hood, jirgin da Birtaniya ke taƙama da shi. Ba a yi minti goma ana ɓarin wuta ba, rumbun albarusan Hood ya tashi, jirgin ya rabe biyu. Mutum 1,418 ne a ciki, uku suka rayu.

Sai dai shi ma Bismarck bai tsira lafiya ba. Jirgin Birtaniya Prince of Wales ya huda masa gaba, mai ya dinga zuba yana barin sawu a kan ruwa. Dole ya rage gudu ya nufi Faransa gyara. Ya ma ɓace wa masu bin sa, amma Lütjens, da yake bai san ya kuɓuce musu ba, sai ya aika dogon saƙon rediyo gida. Turawan Ingila suna sauraro.

Abin da ya gama da shi kuwa ko a ido bai cika ba. Jiragen sama ne samfurin Swordfish, tsohon yayi, masu fiffike hawa biyu da aka lulluɓe da yadi, matuƙi na zaune a fili iska na dukan fuskarsa. Goma sha biyar suka tashi daga Ark Royal, jirgin ruwan Birtaniya mai ɗaukar jiragen sama, da yammacin 26 ga Mayu, teku na hauka. Nakiya ɗaya ta sami bayan Bismarck, ta maƙale ƙarfen da ke juya akalarsa. Injina lafiya, igwa lafiya, amma jirgi ya ƙi bin hanya. Haka suka kwana, suna sane da abin da ke tafe.

Da safe jiragen yaƙin Birtaniya King George V da Rodney suka iso, suka yi masa ruwan wuta har igwoginsa suka yi shiru. Jamusawan da suka tsira sun ce su da kansu suka buɗe wa ruwa hanya, Ingilishi kuma na cewa nakiyoyin jirginsu Dorsetshire ne suka ƙarasa shi. Cikin mutum sama da 2,000, ɗari da 'yan kai aka tsamo, domin masu ceto sun zaci jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus na kusa, suka tafi suka bar ɗaruruwa a ruwa.

A 1989 mai binciken teku Robert Ballard ya gano shi a zurfin kusan kilomita biyar, zaune daram a ƙasan teku.