Jawabin Maraba ga Mai Girma Sanata, daga Masu Tsara Kiɗan Fim da Talabijin na Jos

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da sauka, sannu da hanya. Aikinka ya riga ka isowa Filato, don haka ba za mu cinye lokacinka da kirari ba. Buƙata ɗaya ta tara mu yau: a ceto tsoffin kasetocin kiɗan dattawanmu kafin damina mai zuwa ta ƙarasa su.

Garin nan da ka sauka, shi ya fara nuna wa Najeriya talabijin mai kala a 1975. A nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1979, ga kuma Kwalejin Talabijin a Rayfield. A nan aka shirya wasan kwaikwayon talabijin Cock Crow at Dawn, wanda mawaƙi Bongos Ikwue ya yi wa waƙar take. A nan Dan Maraya Jos ya kaɗa kuntiginsa har Allah ya karɓi ransa a 2015. Duk wannan an sani. Wanda ba a sani ba shi ne mutumin da ke bayan kiɗan.

Mai tsara kiɗa yakan fara ne da ɗaukar kaya a bayan makaɗa, ya koyi fiyano, ya goge kunnensa. In ya ƙware, sai darakta ya zaunar da shi gaban hoto, su auna inda kiɗa zai shiga da inda zai fita, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Shi zai san cewa goge ba ya bin saitin fiyano, sai a sauko da fiyanon ya bi gogen. Shi zai janye kalangu idan jarumi ya buɗe baki, domin kalangu ma magana yake yi, su biyun sai su danne juna. Bayan duk wannan wahala, a biya shi sau ɗaya, a yi shekaru ana maimaita shirin, wani lokaci ko sunansa babu a ƙarshen. Abin yana ci mana rai.

Ranka ya daɗe, aikin waɗannan bayin Allah yana kan faifan zare da kasetocin U-matic da Betacam, wato tsoffin kasetocin bidiyo na gidajen talabijin, a cikin kwalaye ƙarƙashin gado. Danshi na sa maganin da ke riƙe zaren ya yi danƙo. Ka sa irin wannan kaset a na'ura, zai yi ƙara, ya shafe kan na'urar da baƙin datti, sautin ya tafi ke nan har abada. Maganinsa: a fara goge fumfuna idan akwai, sannan a gasa shi a tanda ta musamman, zafi kamar digiri 50 zuwa 55, na awanni, ya huce, a kwafe shi cikin 'yan kwanaki kafin danƙon ya dawo. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafa, zaren na iya tsinkewa. Awa ɗaya ta sauti mai kyau gigabait ɗaya kawai take ci, kuma kwafi uku ake yi, ɗaya a ajiye a wani gari.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfinka ba: ɗaki ɗaya mai sanyi marar danshi, sola da batir, tanda ɗaya, na'ura biyu ga kowane irin kaset domin an daina ƙera yawancinsu, ɗaya za ta zama ta ciro kayan gyara, da albashin ma'aikata biyu na shekara guda.

Akwai batun Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022; muna so a wajabta wa gidajen talabijin rubuta sunan mai kiɗa da tsawon kiɗansa a kowane shiri. Wannan zai iya jira. Kasetocin ne ba za su jira ba, kuma dattawan da za su saurara su ce wane ne ya kaɗa wannan suna ta raguwa. Don Allah, ranka ya daɗe, a sa ɗakin nan a kasafin bana.

Allah ya maida kai gida lafiya.

Kwamitin Tarba