Man shanun matan ƙauyen Ayalan

Ku yi tunanin wata gangar katako mai tsukakken baki, da doguwar sanda a tsakiya. A ƙauyukan ƙasar Ayalan (Ireland) na da, da ita uwargida ke kaɗa nono. Aikin da 'yar Fulani ke yi da gora ne, sai dai a can a tsaye ake yi, ana ɗaga sandar ana dannawa kamar mai daka, har man ya taru sama, tsala ta koma ƙasa. A wanke shi da ruwan sanyi, a zuba gishiri.

Akwai ladabi a wurin. Duk baƙon da ya shigo ya tarar ana kaɗi, ko limamin coci ne, sai ya sa albarka, ya karɓi sandar ya buga sau biyu ko uku. In ya ƙi, za a ce ya tafi da sa'ar man. Namiji kuma ba ya ɗaukar garwashi ya fita da shi don kunna lofe, sai an gama. Camfi ne, amma wadda ta taɓa kaɗawa har hannu ya sage mai bai fito ba ta san inda tsoron ya samo asali.

Man nan da shi ake biyan kuɗin hayar gona. Ana danƙara shi a ƙananan gangunan katako, a ɗora wa doki, a bi hanyoyin da har yau ake kira hanyoyin man shanu, daga tsaunukan Kerry zuwa birnin Cork. A can aka kafa kasuwar man shanu wajen 1770. Masu duba kaya su huda kowace ganga, su ɗanɗana, su ba ta daraja. Daga nan sai jirgin ruwa, zuwa tsibiran Karebiyan da Barazil. Gishirin nan mai yawa shi ya hana shi lalacewa a zafin hanya.

Sai injin tace maiƙon madara ya zo, man Denmark kuma ya cika kasuwar Ingila. A 1889 aka buɗe masana'antar madara ta haɗin gwiwar manoma ta farko a garin Drumcollogher. Maigida ya fara kai madara can a amalanken jaki, kuɗin ma da sunansa ake biya. Kasuwar Cork ta rufe a 1924. A gidaje da yawa, kuɗin ƙwai kaɗai ya rage a hannun uwargida.