Ginshiƙai Shida na Ba'albak

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayena da ke gaba, da ku ɗalibai, na gode da kuka ba ni wannan dama.

Daga Beirut zuwa Ba'albak tafiyar kamar kilomita 85 ce. Sai ka haura duwatsun Lebanon, ka gangara kwarin Biƙa'a, gonakin inabi da dankali hagu da dama. Tun kafin mu shiga gari na hango su: ginshiƙai shida a tsaye, kowanne ya kai mita 20. Su kaɗai suka rage cikin 54 da suka kewaye haikalin Jufita, babban gunkin Rumawa. Har zuwa 1759 tara ne, girgizar ƙasa ta kayar da uku. Ɗaya daga waɗanda suka faɗi yana kwance, na tsaya kusa da shi, kaurinsa ya fi tsawona.

Sunan garin ba baƙo ba ne a kunnenmu. A Suratus Saffat, aya ta 125, Annabi Ilyasu, alaihis salam, ya tsawatar wa mutanensa kan bautar gunkin Ba'al, kuma masu tafsiri da dama sun ce mutanen nan wurin ake nufi. Girkawa da Rumawa kuwa Heliyofolis suke ce masa, wato birnin rana.

To amma abin da ya hana ni barci a daren nan yana can ƙasa, a jikin harsashin ginin ta yamma. Duwatsu uku ne jere, kowanne tsawon mita 19, nauyinsa kimanin tan 800, an haɗa su har da ƙyar ka ga layin da ya raba su. Wani dattijo mai sayar da tsaraba ya ce mini, “Ya Hajji, wannan aikin aljanun Annabi Sulaiman ne.” Na san cikinku ma akwai wanda zuciyarsa ta riga ta faɗi haka. Ni kuwa ban yarda ba, kuma zan gaya muku dalili.

Ku taka ƙasa da kilomita ɗaya zuwa inda aka fasa dutsen. Akwai wani ƙato da ake kira Hajarul Hubla, Dutsen Mai Ciki, kusan tan 1,000, an sassaƙe shi amma ba a ɗauke shi ba. A 2014 masu binciken Jamus suka tono wani a gefensa, wanda aka ƙiyasta ya kai tan 1,650. Na shafa jikin dutsen, sawun ƙarfe yana nan layi-layi, bugu bayan bugu. Hannun ɗan Adam ne. Wurin fasa dutsen ya ɗan fi haikalin tudu, don haka jan sa gangara ce, da igiyoyi da gungumen itace da ɗaruruwan ƙarti. Rumawan nan dai su ne suka ɗauko jan dutse daga Aswan ta Masar, suka bi da shi kogin Nilu da teku, suka haye da shi tsaunuka, suka kafa a farfajiyar wannan haikali. Idan muka ce aljanu, mun cinye haƙƙin maginan da suka ƙarar da ƙarfinsu a nan, bayi da 'ya'ya, wasu ma an haife su ana ginin sun mutu ba a gama ba.

Daga baya Kiristoci suka gina coci a tsakiyar farfajiyar. Musulmi suka karɓi garin zamanin Abu Ubaida bin Jarrah, aka mai da wurin sansanin yaƙi, shi ya sa mutanen gari ke ce masa Ƙal'a har yau.

Kafin magariba na shiga haikalin Bakus, wani gunkin Rumawa, da ke gefe, wanda bangonsa ke tsaye kusan cif. A bakin ƙofarsa an sassaƙa ganyen inabi da zangarniyar alkama, sirara ƙwarai, har can sama inda mai wucewa ba zai ɗaga kai ba. Wanda ya yi su bai rage aiki ba ko a can. Na daɗe tsaye ina kallo, har mai gadi ya zo ya ce za a rufe ƙofa.