Fentin ruwan ɗorawa mai raba ruwa gida biyu

Ku ƙaddara ga wani ɗan gilashi a gabanku. An shafa masa wani abu ruwan ɗorawa da aka haɗa da ƙarafan bismot da banadiyom, shafi siriri, silin gashi ya fi shi kauri sau ɗaruruwa. A tsoma shi a ruwa, a jona masa waya zuwa wani ƙarfe, a ɗan tallafa masa da lantarki, sannan rana ta haska shi. Ga ƙananan kumfa nan na tasowa: oksijin a jikin gilashin, haidurojin a jikin ƙarfen. Haidurojin ɗin muke nema, makamashin da in ya ƙone ruwa yake komawa.

A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda na ƙasar Japan suka nuna haka da titaniyom oksaid. Oksaid dai ƙarfe ne da ya haɗu da oksijin, kamar tsatsa. Sai dai nasu hasken altarabayolet, wanda ido ba ya gani, kaɗai yake sha, kusan kashi 5 cikin 100 na abin da rana ke aikowa. Sauran duk a banza.

An gwada tsatsar ƙarfe kanta, ga ta da arha. Amma cajin lantarkin da haske ya tayar a cikinta, wanda shi ke raba ruwan, ba ya wuce tafiyar nanomita 2 zuwa 4 (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya) sai ya mace.

To, in ƙarfe ɗaya ya gaza, me zai hana a haɗa biyu? Shafin nan namu oksaid ne na bismot da banadiyom, haɗin da masu yin fenti suka daɗe da sani. A 1998 Akihiko Kudo ya nuna yana fitar da oksijin da hasken da ido ke gani. Sirrin yana ga wata tazara da sai haske ya tsallakar da ilekturon, ƙwayar da ke ɗauke da cajin lantarki, kafin aikin ya fara. A titaniyom ta kai bolt 3, bismot ya rage ta zuwa 2.4, shuɗin haske ma ya isa. Shuɗin da yake shanyewa ne ya sa muke ganinsa ruwan ɗorawa.

Aikin da ya fi burge ni na 2013 ne, na masana a Delft ta ƙasar Holan da Berlin. Feshin haɗin nan suka yi wa gilashi mai zafi, suka barbaɗa ƙarfen tungstan a cikin shafin, da yawa a ƙasa, yana raguwa zuwa sama. Hakan ya yi wa cajin gangara, ya daina tsayawa a hanya. Suka ɗora kobalt a fuskar shafin don saurin fitar oksijin, suka sa ɗan sola na silikon a baya, suka mayar da kashi 4.9 cikin 100 na ƙarfin rana zuwa haidurojin.

Kaɗan ne, na sani, kuma iyakarsa ba ta wuce wajen kashi 9 ba. Abin da ya fi damuna shi ne ruwan na cin shafin, banadiyom na zagwanyewa. A Jami'ar Wisconsin, Kyoung-Shin Choi da abokin aikinta sun narkar da banadiyom a ruwan tun farko har ya ƙoshi, shafin ya yi awa 500 yana aiki.