Wayar tsakar dare da ganuwar zuciya

'Yan'uwana na Kano da na ko'ina, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Ina magana da ku daga ɗakina a birnin Leeds na ƙasar Ingila, kuma idan kun dubi tagar da ke bayana za ku ga duhu ya rufe gari, alhali kuwa ƙarfe 4 na yamma bai daɗe da bugawa ba. Haka watan Disamba yake a nan. A Kano yanzu ƙarfe 5 ya wuce, domin a lokacin sanyi kuna gaba da mu da awa ɗaya, kuma na san hazo ya sauka, ana ta haramar tashi daga kasuwa. Yau ba zan zagaya da ku cikin gari ba kamar yadda na saba. Na zauna ne domin in ba ku labarin wani dare na makon jiya, da abin da Ubangiji ya nuna mini a cikinsa game da tsoro.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san aikin jinya nake yi, kuma yawanci aikin dare ne, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. A daren da nake faɗa, wajen ƙarfe 2, na samu ɗan hutu, na zauna da kofin shayi na buɗe wayata. Sai na tarar da saƙon murya a wani zauren WhatsApp, wani mutum da ban san shi ba yana magana cikin haki, yana cewa rikici ya ɓarke a Kano, kowa ya kira nasa. Tare da saƙon akwai ɗan bidiyo na hayaƙi da mutane suna gudu. Ba a faɗi unguwa ba, ba a faɗi rana ba, amma kafin in gama saurare hannuna ya fara rawa. Na kira Mama, waya a kashe. Na kira ƙanena sau 3, ba ta shiga ba. Na sake kiran Mama, duk da na san abin da zan ji.

Dole in yi muku bayanin dalilin da ya sa abu kaɗan irin wannan yake girgiza ni haka. A Sabon Gari aka haife ni, a nan na girma, kuma ina gida ranar Juma'a 20 ga Janairu, 2012, lokacin da aka kai hare-hare a wurare da dama cikin Kano da yamma, har da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, wadda ba ta da nisa da mu. Mutum aƙalla 185 ne suka rasu a ranar, Musulmi da Kirista, aka kuma sa dokar hana fita ta awa 24. A ƙarshen Afrilun shekarar aka kai wa masu sujada hari a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, a watan Maris na 2013 kuma bam ya tashi a tashar mota ta New Road, cikin unguwarmu. A Nuwamban 2014 aka kai hari babban masallacin Juma'a na cikin birni, muka yi kuka tare da maƙwabtanmu kamar yadda suka yi tare da mu. Allah ya kawo sauƙi, shekaru sun wuce, gari ya lafa, amma Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ƙari a kan wannan, labarin rasuwar Baba ma ta waya ya same ni a ƙasar nan, da tsakar dare, ban kuma samu halartar jana'izarsa ba. Tun daga ranar, duk kiran da ya shigo bayan sha biyun dare sai gabana ya faɗi kafin in duba sunan mai kira.

To, ina zaune a ɗakin hutu, yatsana yana kan saƙon nan, saura kaɗan in tura shi zuwa zaurenmu na 'yan Kano mazauna Ingila, inda akwai mutane da yawa da iyayensu da 'ya'yansu suke gida. A raina ina cewa taimako zan yi. Abin da ya tsayar da ni shi ne tuna Baba a wancan yammacin na 2012. Ƙarar farko da ta tashi, kowa a gidanmu ya ruɗe, wasu maƙwabta suka shigo da labarai iri-iri, wannan ya ce an shigo unguwa, wancan ya ce an ƙone wuri kaza. Baba ya rufe ƙofar gida, ya ce da Mama ta tara yara a ɗaki ɗaya, sannan ya dubi yayana, wanda yake ta karanto mana saƙonnin da ke shigo masa, ya ce, "Ɗana, abin da idonka bai gani ba, kada bakinka ya faɗa a cikin gidan nan yau." Daga nan ya ɗauko Littafi Mai Tsarki na Hausa, ya buɗe Zabura 56. Ina kusa da shi, na ga takardar tana rawa a hannunsa. Wannan rawar hannun ta zauna mini a zuciya fiye da kowace huɗuba da na taɓa ji, domin a ranar na gane cewa mutum yana iya jin tsoro har cikin ƙashinsa, kuma a daidai wannan lokacin yana riƙe da Allah, yana kuma riƙe da harshensa.

Zaburar nan ta Dawuda ce, kuma rubutun da ke samanta ya nuna ta shafi lokacin da Filistiyawa suka kama shi a Gat. Idan kun duba 1 Sama'ila sura 21, za ku ga an faɗa ƙarara cewa ya ji tsoron Akish, sarkin Gat, ƙwarai da gaske. Mutumin da ya kashe Goliyat ke nan, Goliyat ɗin kuwa mutumin Gat ne. A aya ta 3 Dawuda ya ce wa Allah, a ranar da tsoro ya kama shi, gare shi zai dogara. Ya amsa cewa ranar tsoro tana zuwa, sai dai ya riga ya yanke shawarar inda zai nufa idan ta zo. Ina jaddada wannan ne saboda na sha jin ana gaya wa masu bi cewa jin tsoro alama ce ta rashin bangaskiya, har mutum ya koma yana ɓoye damuwarsa a cikin ikilisiya, ya fita daga sujada da kaya biyu, ga tsoro ga kunya. A ganina wannan koyarwa tana cutar da raunana, kuma Littafin bai goyi bayanta ba.

Na mayar da wayar cikin aljihu ban tura wa kowa komai ba, na kuma yi addu'a gajeriya, wadda ba ta wuce in ce, "Ubangiji, ka san inda Mama take, ni ban sani ba." Ayar da ta zo mini a lokacin ita ce 2 Timoti 1:7, inda Manzo Bulus ya tuna wa Timoti cewa ruhun da Allah ya ba mu ba na tsoro ba ne, na iko ne da ƙauna da kamunkai. Bulus ya rubuta wasiƙar nan yana ɗaure a Roma, yana kuma sane cewa ƙarshensa ya kusa, domin ya faɗi haka da kansa a sura ta 4. A cikin surar ce kuma ya roƙi Timoti ya taho masa da mayafin da ya bari a Taruwasa, ya kuma yi ƙoƙari ya iso kafin lokacin sanyi. Tun da na zo ƙasar nan na san abin da ake kira sanyi, wannan roƙon yake taɓa ni. Dattijo ne a kurkuku, yana jin ɗari, abokan tafiya da yawa sun watse sun bar shi, amma shi ne yake ƙarfafa saurayin da ke waje. Shekaru da yawa ina karanta ayar nan ina tsayawa a kan iko da ƙauna, ina wuce kamunkai da sauri kamar wani ƙarin bayani ne. A daren nan ne na ga cewa kamunkai shi ne wanda ake fara buƙata idan tsoro ya buga ƙofa.

Akwai wata aya a Karin Magana 25:28 da nake ganin Bakano zai fahimce ta fiye da kowa. Ta kwatanta mutumin da ba ya iya mallakar kansa da birnin da aka rushe, wanda ba shi da ganuwa. Mu da muka tashi muna ganin badala mun san abin da ake nufi. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar a ƙarni na 12, sarakunan baya kuma suka faɗaɗa ta, har da Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Amfanin ganuwa yana ga ƙofofinta, irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Na'isa da Kabuga, kowace da sarkin ƙofarta, wanda yake rufewa idan dare ya yi, yake kuma sanin wanda ya shiga da wanda ya fita. Fatake suna shiga da kaya, manoma suna fita gona, amma ba kowa ne yake faɗowa cikin gari yadda ya ga dama ba. Ku dubi kuma yadda ganuwar ta lalace a zamaninmu. Ruwan sama ya ci wani sashe, masu ɗiban ƙasa sun ɗebi wani, masu gini sun shiga wani, kaɗan-kaɗan, har aka wayi gari wurare da yawa babu ko alamarta. Haka tawa ganuwar ta zube ban lura ba. Kowane dare ina kwana da waya a gefen matashi, kowane saƙo ina buɗewa, kowane bidiyo ina kallo har ƙarshe, ina kiran wannan kulawa da gida, alhali na bar zuciyata a buɗe ne, duk mai son shiga ya shiga da duk abin da ya ɗauko.

Abin da ya fi wuya shi ne jira. Daga ƙarfe 2 zuwa wayewar gari a Kano akwai sa'o'i kusan 4, kuma babu abin da zan iya yi a cikinsu. Mun saba cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba mu cika faɗin yadda zaman gaban murhun yake ba. Ban daɗe da komawa bakin aiki ba sai wata tsohuwa da nake kula da ita ta danna ƙararrawa. Na je na tarar babu abin da yake mata ciwo, ta farka ne cikin duhu ta rasa inda take, tana ta kiran sunan mijinta da ya daɗe da rasuwa. Na kunna mata ƙaramar fitila, na gyara mata bargo, na zauna na riƙe hannunta har numfashinta ya daidaita. Ina zaune a wurin na tuna wasiƙar Yahaya ta fari, sura 4 aya 18, inda aka ce cikakkiyar ƙauna takan kori tsoro. Da na tura saƙon nan, da yanzu ina can ina amsa kiran mutanen da na tayar wa hankali, da kuma tsohuwar nan ta samu gangar jikina kawai a gefenta. Tsoron bai bar ni ba a wannan lokacin, ina jin sa a ƙirjina kamar dutse, amma hannuna ya daina rawa, na kuma iya ba da magungunan asuba daidai ba tare da kuskure ba.

Ƙarfe 6 saura a nan, wato bakwai saura a Kano, wayata ta yi motsi. Mama ce. Ta ce an ɗauke wuta tun la'asar, wayoyin gidan duka suka mutu, sai da safe ƙanena ya kai su wurin mai caji. Gari lafiya lau, bidiyon kuwa daga baya aka gano tsoho ne, ba ma a Kano aka ɗauke shi ba. Na gode wa Allah da dukan zuciyata. Amma ina roƙonku kada ku ɗauka cewa wannan kyakkyawan labari shi ne ladan haƙurin da na yi, domin na taɓa yin addu'a irin wannan a wani daren, safiya kuma ta zo da rasuwar Baba. Abokan Daniyel uku sun gaya wa Sarki Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderun wuta, suka ƙara da cewa ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Wannan "ko da" ɗin ne nake roƙon Ubangiji ya koya mini, kuma har yanzu ina cikin koyo.

Da na gaya wa Mama yadda na kwana, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yata, kina can kina gadinmu da ido biyu, to wa kika bar wa aikinsa?" Ta ce in karanta Zabura 121, inda aka ce mai tsaron Isra'ila ba ya gyangyaɗi, ba ya kuma barci. Ta ce za ta sa sunana a addu'ar zumuntar mata ta wannan makon, na ce ina so, ta kuma haɗa da dukan 'ya'yan Kano da ke aikin dare a ƙasashen mutane.

Tun daga ranar na yi wa kaina 'yan ƙa'idoji. Na fita daga zauruka biyu da ba sa kawo komai sai jita-jita, kuma duk saƙon da bai faɗi wuri da rana da wanda ya gani da idonsa ba, a wurina yake tsayawa, domin magana zarar bunu ce. Mun kuma shirya da ƙanena cewa idan wani abu ya faru da gaske, shi zai kira ni da kansa, saboda haka lambarsa da ta Mama ne kawai suke iya tashe ni idan ina barci. Sauran duka suna jira sai na yi addu'ar safe.

Yanzu ƙarfe 5 ya kusa, ina so in ɗan kwanta kafin in fita neman motar zuwa aiki. Idan akwai wanda yake kallona daga Sabon Gari ko Badawa ko Bompai, ya gaishe mini da mutanen gida, ya kuma tuna da mu a sujadar Lahadi. Mama, na san ƙanena zai nuna miki wannan, don Allah a riƙa cajin waya tun da rana.