Jawabin maraba da Mai girma Kwamishina a ɗan ɗakin tarihin garinmu

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma Kwamishina, babban baƙonmu na yau, da tawagar da ta rako shi, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Allah ya ja zamanin Hakimi uban ƙasa, Allah ya ƙara wa dagatai da masu unguwanni lafiya. Malam Liman Allah gafarta. Iyayenmu mata da tun asuba suke bakin murhu, malaman makaranta da yaranmu da aka jera su a rana tun ƙarfe tara, kowa da kowa ina gaisuwa.

Yallaɓai, ni aka ce in yi magana a madadin matasan da ke kula da ɗakin nan, ba don na fi su iya baki ba, kawai dai ni ne mai riƙe da makulli da littafin rajista, to duk abin da ya taso sai a ce kai sakatare tashi. In na yi tuntuɓen harshe a yafe ni.

Maganar gaskiya da aka ce mana zaka zo bamu yarda ba sai da muka ga motar gaba ta sauka daga kwalta. Mu nan mun saba ganin manya ne ta gilashi. Hanyar Bauchi zuwa Jos ce ta ratsa mu, kilomita wajen 130 ke nan tsakanin garuruwan biyu, kullum jiniya na wucewa, yara su ɗaga hannu ƙura ta rufe su shi ke nan. Yau kam an taka birki an tsaya, kuma wannan tsayawar ita ce duk abin da na tashi in yi magana a kai.

Ranka ya daɗe, ka san hanyar nan fiye da ni, amma bari in tuna maka abin da ka wuce ko zaka wuce a kanta. Can gaba wajen Tilden Fulani akwai alamar farko da Turawa suka kafa ta haƙar ma'adinai a ƙasar nan, lokacin da suka biyo kuza a farkon shekarun 1900, kuma tana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa da gwamnatin tarayya ta amince da su. A gindin hawan Panshanu akwai tarin duwatsun nan, shi ma yana cikin jerin. In ka ratse ka shiga wajen Geji akwai Dutsen Zane, inda mutanen dā can suka zana shanu da namun daji da mutane a jikin dutse da jan launi, har yau zanen na nan. Duk wannan fa a ƙaramar hukumar Toro kaɗai. To yanzu a tsayar da direban bas ɗin da ya yi shekara ashirin yana bin hanyar nan safe da yamma a tambaye shi ina alamar kuzan take, wallahi zai nuna maka inda ake saida tsire mai daɗi da inda rami yake, amma wannan sai dai ya kalle ka. Kuma ni ban ga laifinsa ba, wa ya taɓa faɗa masa? Wani allo ya gani da zai sa shi rage gudu?

Ni kaina haka nake. Abin da ya juya min kai shi ne ranar da malaminmu na firamare ya cusa mu a bayan a-kori-kura ya kai mu kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa a cikin Bauchi, can hanyar Ran. Kafin ranar ni abin da na sani game da shi bai wuce hotonsa a jikin naira biyar ba. Sai ga wani dattijo mai nuna wa baƙi wuri ya sa mu a gaba, muka shiga wani lungu mai duhu muna laluben bango muna riƙe rigar juna, yace wannan duhun zamanin mulkin mallaka ke nan, muka ƙara gaba haske ya ɗan ratso yace ga alamar 'yanci ta fara ɓullowa, a haka a haka har muka fito fili inda kabarin yake, sama a buɗe babu rufi, babu ado babu komai, kamar dai yadda aka ce mutumin ya yi rayuwarsa. Ya faɗa mana an haife shi 1912, malamin makaranta ne a nan Bauchi kafin siyasa, ya zama Firayim Minista a 1957, da shi aka karɓi 'yancin kai a 1960, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, ginin kuma a 1979 aka buɗe shi. Duk waɗannan shekarun suna cikin littafin makaranta kuma na sha bulala a kansu ban riƙe ko ɗaya ba, amma daga ranar nan har yau suna kaina. Ginin yana da kyau ba musu, sai dai abin da ya zauna min a zuciya bakin dattijon nan ne. Da ba shi a wurin da mun shiga duhu mun fito muna dariya mun tafi neman rake.

Abin da ya sa muka buɗe ɗakin nan ke nan. Zaka shiga yanzu ka gani, kuma ina roƙon kada ka sa ran ganin irin na Jos ko na Kaduna, ɗaki ɗaya ne da ɗan zaure, tsohon sito ne da Hakimi ya ba mu aro, muka yi karo-karo muka shafa masa farar ƙasa. Kayan ciki kuwa gida-gida muka bi muna roƙo, wasu tsofaffin sai da muka koma sau uku sau huɗu kafin su yarda, wata kaka tace akushin nan da shi aka kai ta ɗakin miji, in ya fashe sai mun haɗu a gaban alƙali.

Akwai wuri, kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, akwai anini mai huji da sisi da sule, yaran yanzu in ka ce musu naira sai a 1973 ta shigo sai su zaro ido kamar ka yi ƙarya. Akwai zuga-zugi da uwar maƙera, akwai mazari da abawa da guntun masaƙa, kwari da baka, bindigar toka guda biyu, gafakar wani malami da allonsa, fitilar aci-bal-bal, dutsen guga na gawayi, da garmaho da ba ya magana amma yara sun fi son shi a kan komai.

Amma in ka tambaye ni, abin da ya fi komai nauyi a ɗakin wani tsohon kwanon sarki ne da ya lotse, duk tsatsa, in ka tsince shi a bola ba zaka waiwaya ba. Na kakan wani daga cikinmu ne, da shi ya yi dakon ƙasa a ramin kuza lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, sa'ad da Turawa suka rinƙa ɗibar mutane da ƙarfi daga ƙauyuka ana kai su aikin kuza a kan tsaunin Jos, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Sanyin can ba irin namu ba ne, ga yunwa ga ciwo, da yawa basu dawo ba. Shi ya dawo da tari da wannan kwanon. In Baba mai gadinmu ya ɗauki kwanon ya ɗora a kai ya fara ba da labarin, har da waƙar da suke yi in suna hawowa daga rami, na sha ganin manyan mutane da suka tsaya sallah kawai a masallacin bakin hanya sun zauna a benci sun manta da direba na jiransu.

Kuma ba mu kaɗai ba ne, ƙasar Bauchi duk haka take cike. Wanda ya bi hanyar Ningi zai wuce Kafin Madaki, inda gidan Madaki yake, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, ƙasa da azara kawai amma bakan gizon da ke cikin soron nan injiniyoyi na zuwa kallo. Cikin birni kuma mutum na faɗin Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Wambai, Ƙofar Nassarawa kullum in zai hau keke napep, bai taɓa tsayawa ya tuna ƙofofin ganuwa ne na garin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa ba. Hatta Yankari, kowa Wikki ya sani da giwaye, a yi wanka a ruwan ɗumi a ɗau hoto a saka a Facebook, 'yan kaɗan ne ke tambayar rijiyoyin Dukkey ko kogunan Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse ko tsofaffin matoyan ƙarfe da ke cikin dajin, ko ma ɗan gidan tarihin da ke sansanin kansa. In ka tsallaka Gombe, wanda har 1996 jiha ɗaya muke, kusa da Bajoga akwai Mbormi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a hannun sojan Ingila ranar 27 ga Yuli 1903, shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci Turawan a nan ya mutu, kaburburan suna nan a fili. Wurin da daula guda ta yi numfashinta na ƙarshe fa ke nan, amma tirelolin siminti na wucewa ta yankin dare da rana ba wanda ya san ya wuce wani abu.

To Yallaɓai, baƙo ba a tare shi da kuka, amma mun ga wuri dole mu yi, don ba mu san ranar da zaka sake taka birki a nan ba.

Ba katafaren gini muke nema ba, ka ji na faɗa a gaban Hakimi. Mun ga inda aka yi irinsa, aka yanka kyalle aka tafa, bayan shekara biyu awaki ne ke kwana a baranda. Allo muke so a bakin kwalta, babba, da Hausa da Turanci har da ajami in da hali, a sa shi tun da nisa yadda mai mota zai gani ya yanke shawara kafin ya wuce, ba namu kaɗai ba, har da na Panshanu da Tilde da mararrabar Geji. Kuɗin allunan nan gaba ɗaya bai kai na tayoyin mota ɗaya a cikin ayarin da ya rako ka ba, a gafarce ni.

Sai rufi. Daminar bara ruwa ya shigo mana ta kusurwar gabas cikin dare, da safe muka tarar takardun haraji na zamanin En'e da wani dattijo ya adana shekara da shekaru a cikin adaka sun zama kunu. Na rasa da wane ido zan kalle shi. Mun rubuta takarda zuwa wani ofis, ba zan kama suna ba, aka ce a cika fom, muka cika, aka ce a dawo bayan sallah, to sallah biyu ta wuce. Bandir ɗin kwano kaɗan da kafinta ɗaya sun ishe mu, da ɗan akwatin gilashi mai makulli saboda gara da kuma masu dogon hannu. Don akwai su, kwanaki wani dillali ya zagayo ƙauyukan nan da mota yana sayen tsofaffin takubba da sulke da littattafan hannu a kuɗin cefanen kwana biyu, kafin mu farga ya kwashe abin da ya kwashe, yanzu Allah kaɗai ya san a wace ƙasa suke.

Na ƙarshe kuma wanda ya fi damuna, shi ne Baba. Ga shi can zaune da sandarsa. Ba ya karɓar ko kwabo a wajen kowa sai ɗan abin da baƙi suka miƙa masa na goro, kuma rabin abin da ke ɗakin nan in babu bayaninsa tarkace ne. Mun fara ɗaukar muryarsa da waya, wayar ta cika, ta wani kuma ta faɗa ruwa da hirar wata uku a ciki. Muna roƙon a sa shi a ɗan alawus na wata, a ba mu rikoda da kwamfuta ko tsohuwa ce, a kuma ɗauki yara biyu su zauna a gindinsa su koya, mace da namiji, don matan aure in sun zo sun fi sakewa su yi tambaya in mace ce ke zagayawa da su. Sannan in ma'aikatar ilimi za ta sa makarantun yankin nan su rinƙa kawo ɗalibai ko sau ɗaya a zango, mu mun ɗauki nauyin shara da ruwan sha.

Na ga Malam Liman yana duba agogo, azahar ta kusa. Mai girma Kwamishina, a madadin Hakimi da jama'ar garin nan muna maka maraba, lale marhabin. Iyayenmu mata sun soya masa da miyar taushe, ga fura da nono daga ruga, ba za a bar nan ba sai an taɓa. Littafin rajista na kan tebur a zaure, a daure a sa mana hannu, a rubuta duk abin da aka gani ko da gyara ne. Baba zai shige gaba ya nuna hanya. A sunkuya kaɗan wajen shiga Yallaɓai, ƙofar gajera ce, ta sha buge mutane a goshi.

Wassalamu alaikum.